Kuɗin Albasa Ya Kai Yaro Kwaleji: Wa Zai Koya Masa Yadda Ake Karatu?

'Yan'uwa manoma, a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama kowa ya san lokacin da kuɗi ke shiga hannun manomi. Sa'ad da aka cire albasar rani, ko aka yanke shinkafar fadama, sai a ga manyan motoci a bakin hanya ana ta lodi. A cikin kuɗin nan ne za a biya bashin taki, a gyara injin ban ruwa, a sayi hatsin da zai kai gida kaka. A gidaje da yawa kuma, a cikinsa ne za a cire kuɗin makarantar yaro ko yarinya da suka sami shiga kwaleji ko jami'a.

Galibinmu muna ɗauka cewa ranar da yaro ya sami takardar shiga, aiki ya ƙare. Amma duk wanda ya taɓa dashen albasa ya san ranar dashe ita ce ranar da aiki ya soma. Akwai yaran da suka ci jarrabawar sakandare da kyau, suka shiga babbar makaranta da murna, amma shekara ɗaya ko biyu sai ga su a gida, makaranta ta sallame su. In an bincika, sau da yawa ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Ba wanda ya taɓa koya masu yadda ake karatu in babu mai tsayawa a kansu da bulala.

Manyan makarantu sun san da wannan matsala, sun kuma tanadi darussa dominta. Abin baƙin ciki shi ne, darussan nan su ne ɗalibai suka fi rainawa, iyaye kuwa yawancinsu ba su ma san da su ba. A kansu za mu yi magana a wannan fitowa.

MAKARANTUN DA KE KUSA DA MU

A da, yaron ƙasar nan da ke son karatu mai zurfi sai ya nufi Sakkwato ko Zariya. Tun da aka kafa Jihar Kebbi a shekarar 1991 abubuwa sun sake. A 2006 aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a Aliero, wadda yanzu ake kira da sunan Abdullahi Fodiyo, tana kuma da gonar koyarwa da bincike a Jega. A cikin Jega akwai kwalejin koyon aikin kiwon lafiya. A Birnin Kebbi akwai Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. A Argungu akwai Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie inda ake horar da malamai. Tsohuwar kwalejin aikin gona ta Zuru kuwa ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020.

A kowace irin waɗannan makarantu, ban da darussan fannin da ɗalibi ya zaɓa, akwai wasu darussa na kowa da kowa. A jami'a ana sa masu lamba mai farawa da GST, a kwalejin fasaha GNS, a kwalejin ilmi kuma GSE. Ko likita yaro zai zama, ko malamin gona, ko injiniya, tilas ne ya ɗauke su, ya kuma ci su, kafin a ba shi takardar shaida.

DAGA INA ABIN YA FITO?

Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ce ta fara kawo irin darussan nan a ƙasarmu, a farkon shekarun 1960, da taimakon malamai daga wata jami'a ta Jihar Mishigan a Amurka. Daga baya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ta wajabta su a kan dukan jami'o'i. A cikin tsarin da hukumar ta fitar a 2007 akwai darasi guda sukutum, GST 121, a kan amfani da laburare da dabarun karatu da kwamfuta. Daga shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 kuma aka wajabta darasin koyon kafa sana'a, domin gwamnati ta ga ba za ta iya ɗaukar dukan masu digiri aiki ba.

A watan Disamba na 2022 hukumar ta ƙaddamar da sabon tsari. A cikinsa ita ke tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, kowace jami'a kuma ta tsara kashi 30 bisa ga bukatar yankinta. Darussan kowa da kowa a sabon tsarin sun haɗa da sarrafa Turanci a magana da rubutu da karatu, da sanin al'ummomin Nijeriya da al'adunsu, da ilmin tunani da kafa hujja, da zaman lafiya da sasanta rikici, sa'an nan darussa biyu na kafa sana'a, ɗaya a shekara ta biyu, ɗaya a ta uku.

Ba mu kaɗai muke da wannan damuwa ba. A Amurka, Jami'ar Karolaina ta Kudu ta buɗe wani darasi a 1972 musamman domin sababbin ɗalibai, inda ake koya masu yadda za su zauna a jami'a, su tsara lokacinsu, su san inda za su nemi taimako. Makarantu masu yawa a duniya sun kwaikwayi wannan. Watau har a ƙasashen da yara suka tashi cikin littattafai, an gane cewa iya karatu abu ne da ake koyarwa.

ABIN DA RAINI KE JAWOWA

Bari mu yi ɗan lissafi, irin wanda ma'ajin ƙungiya ya saba yi. A yawancin jami'o'inmu, wanda ya sami maki 70 zuwa sama an ba shi A, darajarta 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, darajarta 4. Daga 50 zuwa 59 C ce, darajarta 3. Haka abin ke sauka har zuwa F, wadda ba ta da daraja ko ɗaya. Kowane darasi kuma yana da nauyinsa da ake kira yunit. Ana ninka daraja da nauyi, a tara, a raba da jimillar nauyin duka.

To, a ce yara biyu ne, kowanne ya ɗauki yunit 18 a zango ɗaya. A darussan fanninsu masu yunit 16 sun yi daidai, rabi B rabi C, kowa ya tara 56. Saura darasin GST mai yunit 2. Na farko ya kula da shi ya sami A, ya ƙara 10, ya zama 66. In an raba da 18 ya tashi da 3.67. Na biyu ya ce wannan ba darasin fanninsa ba ne, ya riƙa fashin aji, ya sami F. Nasa 56 ɗin in an raba da 18 ya zama 3.11. Iyakar da ke raba digiri mai daraja ta biyu babba da ƙarama ita ce 3.50. Kun ga a zangon nan darasi ɗaya da aka raina ya sa ɗaya a sama da iyaka, ɗaya a ƙasa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Darasin da aka faɗi ya zama kwantai, sai an sāke shi baɗi tare da na sabuwar shekara. In kwantai ya yi yawa, yaro ya ƙara shekara, iyaye su ƙara biyan kuɗin makaranta da na ɗaki da na abinci. In matsakaicin maki ya faɗi ƙasa da abin da makaranta ta ƙayyade, za a yi masa gargaɗi na shekara guda, in bai gyara ba a sallame shi. Tun daga 2024 kuma akwai rancen karatu marar ruwa na Gwamnatin Tarayya. Taimako ne babba, amma rance ne. Wanda ya ci shi ya kamata ya fito da abin da zai biya.

DABARUN KARATU: ABIN DA MANOMI YA RIGA YA SANI

Me ake koyarwa a dabarun karatu? Ga kaɗan daga ciki, domin iyaye su san abin da za su tambaya.

Na ɗaya, mantuwa tana da sauri. Wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada wannan a kansa, ya buga sakamakon a 1885. Ya tarar da mafi yawan abin da mutum zai manta, a cikin sa'o'in farko da ranar farko yake mantawa, amma in ya koma ya maimaita bayan ɗan lokaci, abin yakan daɗe. Mai noman rani ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ba wanda ke zuba wa albasa ruwan wata guda a rana ɗaya ya tafi abinsa. Kaɗan-kaɗan ake ba ta, a kan lokaci. Saboda haka ɗalibi ya duba abin da ya rubuta a aji a daren ranar, ya sāke dubawa ƙarshen mako, ya kuma dubawa bayan wata. Wanda ya bari sai daren jarrabawa ya kwana yana haddacewa, ya manta ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, karanta littafi yana da hanya. Wani malami a Amurka, Francis Robinson, ya tsara matakai biyar a 1946, har yau kuwa ana koyar da su. Ka fara zagaya babin ka duba kanun maganarsa, kamar yadda kake zagaya gona kafin ka sa fartanya. Ka mai da kowane kan magana tambaya. Ka karanta kana neman amsa. Ka rufe littafin ka faɗi amsar da bakinka. Daga baya ka komo ka yi bita. Mataki na huɗu shi ne yara suka fi tsallakewa, shi ne kuwa ya fi amfani, gama sai ka rufe littafi za ka san ko abin ya shiga.

Na uku, rubutu a aji. A sakandare malami yakan rubuta a allo yara su kwafa. A jami'a malami yana magana ne, aji kuma ya cika maƙil. Tilas ɗalibi ya koyi tsamo muhimmin abu ya bar sauran, kamar mai sheƙar hatsi.

Na huɗu, lokaci. Ba ƙararrawa, ba mai tashe ka. Makarantu da yawa suna da doka cewa sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na laccoci kafin ya zauna jarrabawa. Har wa yau kashi 30 ko 40 na maki daga gwaje-gwaje da aikin gida na cikin zango yake fitowa. Yaron da aka kira gida ya yi mako biyu yana taya cire albasa a tsakiyar zango, yana iya rasa gwajin da ba za a sāke masa ba. Wannan kuwa laifinmu ne iyaye. Mu nemi jadawalin makaranta, mu san lokacin da za mu kira shi da lokacin da za mu haƙura mu ɗauki ɗan ƙodago.

GYARAN HALI DA ZAMAN JAMA'A

Kashi na biyu na darussan nan ya shafi mutumin kansa. Yaro ya bar gida karo na farko, kuɗin zango duka suna aljihunsa, waya tana hannunsa dare da rana, abokai kuma iri-iri. A nan ne ake gane wanda ya iya riƙe kansa.

Darasin al'ummomin Nijeriya da na zaman lafiya suna koya wa ɗalibi tarihin mutanen da zai kwana ɗaki ɗaya da su, da yadda ƙaramar magana ke zama rikici, da yadda ake kashe wuta tun tana ƙarama. Yaran Sabon Gari suna da rabo a nan, domin sun tashi cikin mutane masu harsuna da addinai dabam-dabam, sun saba da ciniki da kowa. Darasin tunani da hujja kuwa yana koya masa ya tambayi kowace magana: wa ya faɗa, mene ne shaidarsa? A zamanin da jita-jita ke yawo a waya, har ta ta da hankalin gari ko ta karya farashin kaya, wannan ba ƙaramin ilmi ba ne.

Akwai kuma abu ɗaya da yaran karkara suka fi shan wahala a kansa, watau kunyar tambaya. Mun tarbiyyantar da su kada su ɗaga ido gaban babba, abin kirki ne kuwa. Amma a jami'a wanda bai gane ba ya yi shiru, shi ya sani. Makarantun nan suna da malamin da aka ɗora wa kula da kowane aji, galibinsu kuma suna da ofishin ba da shawara ga ɗalibai. Mu faɗa wa yaranmu sarai cewa zuwa wurin malami da tambaya ba rashin kunya ba ne. Matambayi ba ya ɓata.

ZAƁEN SANA'A

Kashi na uku shi ne shirin abin da za a yi bayan makaranta. Wannan aiki a Nijeriya ana danganta farkonsa da shekarar 1959, sa'ad da sistocin Katolika na makarantar 'yan mata ta St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka ga ɗalibansu za su gama ba su san inda za su nufa ba. Sai suka gayyato ma'aikata daga fannoni dabam-dabam su zo su yi wa 'yan matan bayanin aikinsu. Daga wannan ɗan ƙaramin taro abin ya yaɗu, har Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci bukatar sa masu ba da shawara a makarantu.

Tun kafin wannan, wani mutum a birnin Boston na Amurka, Frank Parsons, ya buɗe ofishin ba matasa shawarar sana'a a 1908. Ya ce abu uku ake dubawa: mutum ya san kansa, ya san ayyukan da ke akwai da abin da kowanne ke bukata, sa'an nan ya zauna ya auna biyun da hankali. Manomi ma haka yake yi. Yakan duba ƙasa, ya duba iri, kana ya yanke abin da zai shuka. Ba a shuka shinkafa a jigawa don kawai maƙwabci ya sami kuɗi da ita.

Sau da yawa mu ne muke zaɓa wa yaro fanni saboda sunan aikin, ba tare da duba inda ƙarfinsa yake ba. Yarinyar da ke da haƙuri da marasa lafiya, kwalejin kiwon lafiya ta Jega tana kusa da ita. Yaron da hannunsa ke son ƙarfe da waya, kwalejin fasaha za ta fi masa. Wanda kuma yake son gona kada a hana shi da cewa an kai shi makaranta ne don ya huta da fartanya. Digirin aikin gona shekara biyar ne, shekara ta huɗu kuwa a aikace ake yin ta.

Ku dubi albasarmu. Kowa ya san irin asarar da ake yi a ajiya, yadda take ruɓewa ko ta tsiro kafin farashi ya tashi, da yadda manomi ke sayarwa da arha lokacin da kasuwa ta cika. Ana bukatar wanda ya san gyaran wurin ajiya, da mai busar da albasa da tumatir, da mai gyaran injin ban ruwa da famfo mai aiki da hasken rana, da mai riƙe littafin kuɗi na ƙungiya. A darasin kafa sana'a akan sa ɗalibi ya rubuta tsarin kasuwanci. Da yawa sukan kwafi na wani su miƙa don a ba su maki. Ɗan manomi yana da abin da ya fi wannan: ya rubuta nasa a kan gonar gidansu, da farashin gaskiya na taki da mai da buhu da kuɗin mota.

Haka kuma akwai lokacin koyon aiki a waje, wanda ake kira SIWES, da Asusun Horar da Ma'aikata ya fara a 1973. Ɗalibin kimiyya ko fasaha ko aikin gona yakan yi watanni a wata ma'aikata. Waɗansu sukan nemi inda za a sa masu hannu kawai su zauna gida. Wannan cutar kai ce, gama a nan ne mutum ke fara sanin masu aikin, su ma su san shi.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Ba sai mun iya Turanci za mu taimaka ba. Ga shawarwari da kowace ƙungiyar gama kai za ta iya gwadawa.

Da fari, in yaro ya zo hutu, kada tambaya ta tsaya a kan "Yaya karatu?" don amsar kullum ita ce "Lafiya lau." A ce ya kawo takardar sakamako. A tambaye shi matsakaicin makinsa, da ko yana da kwantai, da abin da ya samu a GST. In uba ko uwa ba su iya karantawa ba, magatakardan ƙungiya ya duba masu, a asirce, ba a gaban taro ba.

Na biyu, a yi irin abin da aka yi a Ibadan. Sau ɗaya a shekara, a lokacin dogon hutu, a tara yaran da ke aji biyar da shida na sakandare, maza da mata. A gayyato malamin gona, da ma'aikaciyar asibiti, da makaniken injin ban ruwa, da malamin makaranta, da ɗan kasuwar albasa. Kowa ya faɗi abin da ya karanta, da wahalar aikinsa, da abin da yake samu. Ba abin da za a kashe sai ruwan sha da benci.

Na uku, ɗaliban da suka riga suka yi shekara biyu ko uku su zauna da sababbi kafin su tafi. Su nuna masu yadda ake rajistar darussa, da yadda ake lissafin maki, da inda laburare yake. Gani ya kori ji.

Na huɗu, ƙungiyar da ke ba da rancen kuɗin makaranta ko take yin adashi dominsa, ta sa sharaɗi mai sauƙi: a kawo sakamakon kowane zango. Ba don a kunyata kowa ba ne. Ciwon da aka gani da wuri ya fi sauƙin magani, yaron da aka gane yana tangaɗi a zangon farko kuwa ana iya tallafa masa kafin ya faɗi.

Na biyar, a ba ɗalibai aiki a ƙungiya lokacin hutu. Su taya ma'aji lissafi, su rubuta bayanin taro, su auna buhu nawa aka ajiye da nawa suka lalace. Abin da suka koya a aji zai sami wurin zama, ƙungiya kuma ta amfana.

'Yan'uwa, mun san zafin ranar da ake sha kafin buhu ɗaya na albasa ya cika. Wanda ya sayar da buhu goma ya biya wa ɗansa makaranta yana da ikon ya san abin da ake koya masa, da ko yana koyo. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi na Jega da Aliero da Maiyama su karanta wannan a taronsu na gaba, su zaɓi ko da shawara ɗaya su fara da ita kafin yara su koma makaranta. Ƙungiyar da ta gwada, ta rubuto mana yadda abin ya kasance domin sauran su ƙaru.